Yadda Aka Raba Gwaggo da Igiya

A shekarun da man fetur ya yi wuya, lokacin da sai mutum ya bi 'yan bumburutu lungu-lungu kafin ya sami galan guda, an yi wani mutum a garin Anka mai suna Bature ɗan Dalhatu Direba. Shi dai bai yarda a kira shi Bature zalla ba, sai an ɗora masa Injiniya a gaba. Asalin sunan kuwa, ya taɓa yin wata uku a Kaduna a shagon wani mai sayar da tsofaffin kayan mota, inda aikinsa bai wuce share ƙofa da sayo shayi ba. Da ya dawo gida sai ya zo da sifana ɗaya tak, wadda ba ta barin aljihunsa ko ranar Juma'a, da kuma baki wanda ya fi sifanar aiki nesa ba kusa ba. In mota ta wuce yana zaune a majalisa, sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya karkata kunne, ya ce wannan fulogi ɗaya ya mutu. Babu mai iya ƙaryata shi, don kafin a bincika motar ta kai Gusau.

Ubansa Dalhatu, Allah ya jiƙansa, shi ne direban gaske. Shekara ashirin da biyu yana jan wata akori-kura wadda duk garin ke kira Gwaggo, saboda tsufa da yawan tari da safe. Abin da ya fi motar daraja kuwa shi ne layinta. A tashar Anka, ranar kasuwar Gummi, motar da ta fara lodi ita ke kwashe manyan 'yan kasuwa masu son isa kafin rana ta yi zafi, na baya sai dai su tsinci abin da ya rage. Wannan layi na farko na Dalhatu ne, kuma da shi gidansa ke cin tuwo daga mako zuwa mako.

Da Dalhatu ya rasu, Gwaggo ma ta kwanta a ƙofar gida, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ranar addu'ar arba'in Sarkin Tasha ya zo, ya gai da Inna, matar marigayin, ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce albarkacin Dalhatu aka riƙe musu layi har yanzu, kuma za a ƙara riƙewa kasuwa huɗu. A ta biyar, in motar gidan ta shigo tasha da ƙafarta, ta ɗauki lodi, ta fita da ƙafarta, layi na nan. In ba haka ba zai ba na baya, don direbobi sun fara gunaguni.

Kafin Inna ta buɗe baki Bature ya riga ya amsa. Ya ce kasuwa huɗu ai ɓata lokaci ne, shi ko kwana uku aka ba shi sun yi masa yawa. Sarkin Tasha ya dube shi, ya dubi sifanar da ke leƙowa daga aljihu, ya ce Allah ya taimaka, ya sa takalmansa.

Washegari aka kira Muntari bakanike, abokin marigayi, wanda ya san Gwaggo ciki da waje. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana karkaɗe kashin kaji daga hularsa. Ya ce inji kam da sauransa, don Dalhatu bai taɓa wasa da baƙin mai ba, amma bayan motar ya gama aiki. Sifirin ya karye, tsatsa ta ci akori, tayoyin baya sun suɗe har zare ya fito, kuma in aka gyara wannan gobe wancan zai buɗe baki. Shawararsa a sayar. Akwai wani mutumin Bukkuyum mai irin wannan mota da ke neman ta ɗungurungum don ya riƙa cire kaya, kuma zai saya da daraja. In aka ɗan cika, sai a ɗauko ta hannu 'yar Kwatano mai sauran numfashi, a riƙe layi.

Balaraba, ƙanwar Bature, tana wurin. Tana aure a bayan gari wajen Jibo, mutumin Adabka mai shanun noma. Mace ce da ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya ba ta janyewa. Ta ce ita ta yarda da shawarar Baba Muntari, har ma tana da karsana a garken mijinta, a sayar a cika.

Nan Bature ya miƙe tsaye. Ya ce wai a sayar da motar ubansa yana raye, kuma yana injiniya? Ya ce 'yan Kwatano kwali ne da fenti, shi ya ga cikinsu a Kaduna. Ya ce Baba Muntari bakaniken da ne, zamani ya wuce shi ya bar shi a ƙarƙashin mota. Muntari ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Balaraba ce ta tuna wa yayanta cewa ita ma tana da gado a motar, tunda Inna ta riga ta ce a fitar mata da tumuninta a gona, motar ta zama ta su biyu.

Maganar ta kai gaban Malam Nuraddeen, limamin unguwa. Malam ya gyara zama ya ce namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Ya ja numfashi zai shiga bayanin yadda ake yi wa abin da ba ya rabuwa ƙima, amma Bature bai tsaya jin wannan ba. Ya ce ya gode, ya fahimta sarai, ya fita da sauri har ya bar takalmi ɗaya sai da aka bi shi da shi.

Da la'asar ya tara mutanen unguwa a ƙofar gida ya ce su zama shaida. Ya kwance igiyar guga, ya auna Gwaggo daga bambar gaba zuwa ƙarshen akori, ya ninka igiyar gida uku, ya auna biyu daga gaba. Igiya ta tsaya a bayan kan mota, gab da tayoyin baya. Ya ɗauki gawayi ya shata baƙin zane a wurin, tun daga wannan gefe, ya rarrafa ta ƙarƙashi ya fito da shi wancan gefe.

"Daga zanen ga zuwa gaba nau na," in ji shi. "Daga nan zuwa baya naki na. Inji, sitiyari, giya, dut suna wajena. Kowa shi ji da nai."

Wani maƙwabci ya tambaya, to in motar za ta Gummi, kason Balaraba zai bi ta ne ko zai tsaya gida? Bature ya ce zai bi, amma a matsayin fasinja. Aka yi dariya, shi kuwa ya ɗauka hikimarsa ce ta burge jama'a. Balaraba ba ta yi dariya ba. Ta matso ta dubi zanen da kyau.

"Yaya, dut abin da ab bayan zanen ga nau na? In yi yadda nig ga dama da shi?"

"In kin so ki dahwa ki ci."

Ta sake tambaya har sau uku a gaban shaidu, shi kuma ya amsa sau uku, kowace amsa ta fi ta baya ƙarfi. Ta ja mayafinta ta tafi gida.

Don ya sami abin gyara, Bature ya fasa rumbun gidan ya sayar da geron da Dalhatu ya bari, yana gaya wa Inna cewa lodi biyu kacal za su mayar da shi har da ƙari. Ya fara da inji, injin da aka ce masa lafiyarsa lau. Ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage duk abin da sifanarsa ta iya kamawa, ya wanke kafireto a ƙwaryar Inna, har kwana uku gidan na shan fura mai ƙanshin fetur. Da ya zo mayarwa sai kaya suka ƙi komawa inda suka fito. Kwana biyu yana zagaya tabarmar, hannu a baya, yana cewa nazari yake yi. A na uku Muntari ya biyo ta wurin, ya ga kayan cikin motar abokinsa a baje awaki na shinshinawa, abin ya ba shi tausayi. Ya durƙusa ya haɗa komai kafin azahar, Gwaggo ta yi tari biyu ta tashi. Kafin la'asar duk majalisun Anka sun ji cewa Injiniya ya tayar da inji, Baba Muntari kuma ya ɗan taimaka da miƙo kayan aiki.

Sai kwalliya. Aka shafa fenti kore shar daga bamba zuwa zanen gawayi, ko ɗigo bai tsallaka ba. Aka sa madubai huɗu, da labule mai geza, da oda mai murya uku, mai rubutu ya zana INJINIYA a goshin motar da manyan baƙaƙe. Baya kuwa yana nan da tsatsarsa. Bature ya aika wa Balaraba cewa ta zo ta gyara kasonta, yana ɓata masa kyan mota. Ta aiko cewa kasonta ya yi mata daidai a haka, amma in ya goge zanen aka sayar, karsanarta na nan ba ta fasa ba. Ya ce a gaya mata injiniya ba ya goge abin da ya zana.

Bayan kasuwa biyu sun wuce ya fita gwaji. Ya bi ta bakin kasuwa da gangan, gwiwar hannu a waje, yana danna oda ko akuya ba ta tare masa hanya ba. Mahauta suka fara tafi, wani ya ce ga amarya a gaba kakarta a baya. Daidai gaban masu ƙosai tayar baya ta yi bindiga, karyayyen sifirin ya saki, akori ya zauna a ƙasa gefe guda yana jan tartsatsi. Kowa ya zaci kunya za ta kama shi, amma ina. Ya fito ya zagaya motar, ya kira jama'a su duba da idonsu, duk abin da ya lalace a bayan zane yake. Nasa ɓangaren ko ƙwarzane babu.

Daga nan ya yanke shawarar cewa kason Balaraba ne ke danne masa mota. Ya aika mata da zafi ta zo ta kwashe tarkacenta. Balaraba ta fara da kaɗan ko zai hankalta. Ta turo Jibo ya kwance tankin mai, wanda ke bayan zane. Bature ya ɗaure jarka a kan rufi, ya zuro tiyo zuwa inji, motar kuwa ta tashi, kuma wannan nasarar ce ta ƙarasa shi. Jibo ya dawo ya cire wutsiyar salansa mai fitar da hayaƙi, Gwaggo ta koma ruri har jakunan unguwa na tsinke igiya, Bature ya ce yanzu ne muryarta ta gaskiya ta fito. Ya tsaya a majalisa ya yi jawabi cewa masu ƙera motoci suna cika wa baya tarkace ne kawai don su ruɗi marasa ilimi, shi kuwa ya gano su.

A majalisar ne ya bayyana babban shirinsa. Za a yanke bayan gaba ɗaya. Mai walda zai liƙa masa ƙafafu biyu na wata matacciyar mota da ke yashe a bayan gareji, kafinta ya buga masa sabon akori na katako, mota ta zama tasa shi kaɗai, ba mai sake yi masa maganar gado.

Da Muntari ya ji, ya bar aikin da ke hannunsa ya zo har gida, abin da bai saba yi wa yaro ba.

"Bature, ka saurare ni sau guda. Motag ga da ƙahwahun baya ta ka tahiya. Inji shina juya dogon ƙarhen nan na ƙasa, shi kuma shi juya tayun baya. In ka yanke, ƙahwa ka yanke mata."

"Baba, ina inji shike, gaba ko baya?"

"Gaba."

"To ka taɓa ganin jaki gaba, amalanke na tura shi daga baya? Abin da ag gaba shi ka ja. Wanga ko a Kaduna ba a gardama kai."

Muntari ya ce shi dai ya fita haƙƙin abota, ya koma garejinsa. Inna ma ta yi magana, ta ce a bar yankan nan, gabanta na faɗuwa. Ya ce mata harkar ƙarfe ba ta mata ba ce. Ranar yankan Balaraba ta zo da kanta, ta tsaya a gabansa ta ce har yanzu mutumin Bukkuyum bai sayi wata ba, kuma har yanzu akwai kwanakin da za a nemo mota a riƙe layi. Idonta ya kawo ruwa, don motar ubanta ce, a cikinta aka kai ta gidan miji. Bature ya juya ya ce wa mai walda ya kunna wuta.

Aka yanka Gwaggo daidai kan zane. Dogon ƙarfen ƙasa ma aka datse shi, aka bar wa Bature guntu kamar kamu biyu yana leƙowa. Jibo ya kawo bijimai biyu ya ɗaura, ya ja akori da ƙafafun baya ya nufi bayan gari. Balaraba ta bi shi, ba ta waiwaya ba.

Mako guda ana buga katako. Sabon akori ya fito gajere mai tsayi kamar akurkin kaji, Bature ya sa aka shafe shi da kore, ya ce a Kaduna irinsa ake yayi. Gwaji kuwa bai yi ba, don jarka ɗaya ta rage masa, ya ce ba zai ƙona ta a banza ba, kuma ma aikin da ya yi da hannunsa ba ya bukatar gwaji. Kullum da safe dai yakan tayar da inji a tsaye, ya taka totur sau biyu don maƙwabta su san yana nan, ya kashe.

Ranar kasuwa ta biyar, da gari ya waye, ya sa farar riga da hula sabuwa, ya tayar da inji, ya cire dutsen da ke tare taya. To, gidan Dalhatu a kan tudu yake, daga ƙofarsa har tasha gangare ne. Gwaggo ta fara mirginawa da kanta. Inji na ruri, Bature na canza giya da ƙwarewa yana danna oda, ya kuma tabbata har zuciyarsa cewa shi ke tuƙi. Haka ta gangaro ta shiga tasha, ta tsaya a gindin darbejiya, daidai inda Dalhatu ke tsayawa. Tashar ta yi tsit. Har Muntari, wanda ya zo don ya ga ƙarshen abin, sai da ya cire hula ya sosa kai.

Bature ya sauko a hankali don kowa ya gan shi. Ya nemo Muntari da ido, ya gaishe shi da ƙarfi, ya tambaye shi ko ya ga ƙafar da aka ce an yanke. Sarkin Tasha ya ce shigowa dai ta yi, saura fita, a yi lodi.

'Yan kasuwa suka yi jim suna duban akorin, amma rana na tahowa, sai suka fara miƙa kaya. Buhunan wake, da ɗaurin fatu, da awaki uku, da buhu biyu na dakakken barkono na wata Hajiya Safiya, wadda ta shekara goma ba ta shiga motar kowa sai ta Dalhatu. 'Yan kamasho suka ce ya isa, Bature ya ce a ƙara, motarsa ba irin ta da ba ce. Aka ɗaure lodi, ragowar igiyar aka cusa ta ƙarƙashin akori tana reto. Mutane suka hau bisa kaya, Hajiya Safiya da wani dattijo suka shiga gaba.

Bature ya yi bismilla, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci. Inji ya yi ruri, darbejiya na nan inda take. Ya sa ta biyu. Mai shayin da ke gefen motar ya ci gaba da firfita wutarsa. Ya sa ta uku, ya sa ta huɗu, ya taka totur har ƙasa. A ƙarƙashi guntun ƙarfen nan ne ke ta juyi shi kaɗai a iska, allurar maleji kuwa, da yake daga giya take karatu, sai ta miƙe tsaye.

"Ku riƙe da kyau," in ji Bature, idonsa a kan maleji. "Tamanin mu kai."

Hajiya Safiya ta leƙa ta taga ta dawo da kanta.

"Ɗan nan, mai shayin ga shi ma tamanin shi kai? Tun ɗazu shina nan kusa da ni."

Tashar ta ɓarke da dariya. Bature ya leƙo ya ce maleji ba ya ƙarya, ƙasar wurin ce ke da santsi, a ɗan tura. 'Yan kamasho suka tura, ta yi taku biyar, suka saki, ta tsaya. Suka sake turawa, ta sake tsayawa, wannan karon a bakin ƙofar fita. Wani direba ya tambaya ko haka za a tura ta har Gummi, a gaya musu tun yanzu su nemi guzuri. Wani kuma ya taka a hankali ya zo taga, ya miƙa wa Bature hannu, ya ce tunda gudu yake yi ba zai tsayar da shi ba, in ya isa ya gai da mutanen Gummi.

Bature ya fusata ya sake taka totur, a nan ne guntun ƙarfen ya cafki ragowar igiyar lodi ya fara naɗe ta. Igiya ta ɗaure, ta ƙara ɗaurewa, buhuna suka matse, katako ya fara ƙara. Na bisa kaya suka ji abin na motsi a ƙarƙashinsu, suka diro ta ko'ina. Sai akori ya dare gida biyu. Wake ya kwarara, awaki suka yi ta kansu, buhunan barkonon Hajiya Safiya suka fashe daidai bakin guntulalliyar salansa, Gwaggo kuwa ta hura shi ta cika tashar da shi.

Wanda bai ga tashar Anka ran nan ba bai ga atishawa ba. Direbobi, 'yan kamasho, masu ƙosai, har awakin, kowa na yi hawaye na zuba. Sarkin Tasha ya so ya yi magana sau uku, atishawa na katse shi. Muntari ne ya rufe hanci da hula, ya miƙa hannu ta taga ya zare makulli. Hajiya Safiya ta fito tana tari, ta gaya wa Bature abubuwa game da hankalinsa waɗanda ba za su rubutu ba, ta ƙare da cewa ta gode wa Allah da Dalhatu bai ga wannan rana ba. Wannan kam ta shige shi, don sai da ya sunkuyar da kai.

Da iska ta ɗauke yajin, Sarkin Tasha ya share ido ya ce ba shi da abin faɗa da ya wuce abin da kowa ya gani. Ya kira direban da ke layi na biyu ya ce ya matso gindin darbejiya, daga yau nan ne wurinsa. Ya juya ga Bature ya ce ya kawar da abinsa, ya tare hanyar fita.

Kawarwar ce ta zama aiki. Gida a kan tudu yake, 'yan kamasho kuma sun ce sun yi turin da za su yi na bana. Bature ya matsa kusa da Muntari, ya rage murya, ya tambaya ko mutumin Bukkuyum na nan da bukatarsa. Muntari ya ce mota ɗungurungum mutumin ya nema, kuma tun makon jiya ya samu a wani wuri.

Ana cikin haka sai ga amalanken shanu ta shigo tasha, bijimai biyu na ja, an yi mata lodin dawa har sama. Jibo na gaba da sanda, Balaraba na zaune a kan buhu. Ba wanda bai gane akorin ba, da tsatsarsa da lambar bayansa. Ashe Jibo ya kai shi wurin maƙeri an ɗaure sifirin, an liƙa dogon ƙarfen da ake rataya karkiya, an sa tayoyi na hannu. Kwana biyar ke nan tana kwaso amfanin gona daga ƙauyukan kusa, ba ta shan ko ɗigon mai.

Bature ya kau da kai yana duban sama. Sarkin Tasha ya sake cewa a kawar da mota, kuma wannan karon muryarsa babu wasa. Ba yadda Bature ya iya, ya taka har gaban amalanke, jama'a na bin sa da ido, ya yi gyaran murya ya tambayi Jibo, a matsayinsa na suruki, ko zai ɗan ara masa shanu. Jibo ya ce shanu nasa ne, amma amalanken ba tasa ba ce, kuma ba ya kwance su daga jikinta sai mai ita ta ce. Dole Bature ya ɗaga kai ya dubi ƙanwarsa.

"Balaraba, a taimaka."

 Duk tashar na jira ta rama, ita kuwa ba ta da zuciyar ramuwa a lokacin. Ta dubi gindin darbejiya, inda wata mota ke ja da baya tana gyara tsayuwa a wurin ubanta, sai baƙin ciki ya cika ta. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce wa Jibo a sauke buhuna a ɗaura Gwaggo a bayan amalanke.

Haka Gwaggo ta hau tudu ta koma gida, bayanta a gaba, gabanta a baya, igiya a tsakani. Bature na zaune a sitiyari don dole sai an riƙe shi, farar rigarsa ta yi ja da barkono, mutane sun fito ƙofar gidaje suna kallo. Da suka zo wucewa ta majalisarsa sai hali ya motsa, ya leƙo ya ce musu matsalar ƙarama ce, wani ɗan ƙarfe ne kawai zai sa a aiko masa. 

Inna na tsaye a ƙofar gida. Labari ya riga su isowa, kuma daga kan tudun ana hango hanyar Gummi, inda motar farko ta fita da lodinta. Ta bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ta juyo. Ta sa wa Jibo albarka, ta ce wa Balaraba ta shiga ta sha ruwa. Bature ya sauko yana karkaɗe riga, ya fara bayanin cewa in aka yi la'akari da inji kaɗai, ai aikin ya yi nasara.

Inna ta bar shi har ya kai aya.

"Na ji. Kai am mai kashi biyu, duniya ta shaida. To ba don kyawon hula anka ba namiji kashi biyu ba, don shi ka ciyad da gida na. Rumbu wayam, layi ya tahi. Mi za ni ɗora bisa wuta yau?"

 Bature ya waiwaya wajen Jibo, amma Jibo ya riga ya kwance igiyarsa yana naɗewa, don ya bar buhunan mutane a tasha. Inna na nan tsaye tana jiran amsa.